Damargu da Faransa: in kujera ta motsa a Paris, mu ake ji a jiki

 Tun da sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a watan Disamba na 2023 ake ta musu a majalisu da wayoyi, wasu na cewa Faransa ba ta taɓa canza hali ba. To, ta sha canzawa. Sai dai ba kukanmu ke canza ta ba. Abin da ke juya ta shi ne wanda ke riƙe da mulki a Paris, da abin da yake tsoro a duniya.

Mu fara daga nesa. A 1899 Faransawa suka kama Damagaram, kuma a shekarar ce ayarin Foureau da Lamy ya sauko daga Agadas ya ratsa Damargu. Amma yarjejeniyar da suka yi da Ingila a 1898 ta bar wa Ingila mil ɗari kewaye da Sakkwato, sai ya zama duk Bafaranshen da zai taso daga bakin kogin Kwara zuwa Damagaram dole ya bi ta dajin da babu rijiya. A shekarar nan ma ƙasashen biyu sun kusa gwabzawa a Fashoda, can bakin kogin Nilu. Ba a yi shekara shida ba suka zama aminai. Me ya faru? Jamus ta yi ƙarfi, kuma ministan harkokin waje Delcassé ya ga gara a shirya da Ingila. A yarjejeniyar 1904 Faransa ta haƙura da wani haƙƙinta na kamun kifi a Newfoundland, kusa da Kanada, aka gyara mata iyaka ta samu hanya mai ruwa. Kun ji fa, da kifin wata duniya aka yi cinikin iyakar da ke tsakaninmu da 'yan uwanmu na Katsina da Daura.

A 1964 sojoji sun kifar da Léon Mba a Gabon, De Gaulle ya tura soja suka maido shi. Bayan shekara goma, fari ya cinye dabbobin Damargu, tsadar man fetur ta 1973 ta sa Faransa ta karkata ga wutar nukiliya, Diori Hamani kuma ya dage sai an ƙara kuɗin uraniyom na Arlit. Pompidou ya mutu ran 2 ga Afrilun 1974. Ran 15 ga wata Seyni Kountché ya karɓi mulki. Akwai yarjejeniyar tsaro, akwai sojan Faransa a Yamai, amma ba wanda ya motsa.

Wanda ya fi shiga aljihun talaka shi ne na bayan faɗuwar bangon Berlin a 1989. Tsoron Tarayyar Sobiyat ya kau, sai ga Mitterrand a taron La Baule na 1990 yana cewa taimako zai fi zuwa ga masu bin dimokuraɗiyya. Wannan Faransar ce ta shekara talatin ba ta damu da jam'iyya ɗaya ba. Ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago na gida su suka fara tura motar, har aka zubar da jini a gadar Kennedy a Fabrairun 1990, amma maganar Paris ta ƙara mata gudu. Aka yi babban taron ƙasa a 1991, aka zaɓi Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, a 1993.

Bai gama zama ba aka canza gwamnati a Paris. Sabon firaminista Balladur ya ce babu sauran biyan giɓin kasafi sai ƙasa ta shirya da asusun lamuni na duniya. Houphouët-Boigny, wanda ake jin kunyarsa, ya rasu a Disamban 1993. Wata ɗaya bayan haka, a Janairun 1994, aka raba darajar sefa biyu: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Ku tambayi dattawan kasuwar Tanut. Magani, taki, kayan gyaran mota, duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsalle, jikar da ke cikin tandu kuwa ta kwana ta tashi rabi. Masu kai dabbobi Najeriya sun ɗan samu sa'ida, shi ma ba kowa ba.

Na baya-bayan nan kun gani da idonku. Hollande ya tura soja Mali a 2013, aka faɗaɗa shi ya zama Barkhane a 2014. Da aka kore su daga Mali a 2022 suka jingina da Nijar, daidai lokacin da yaƙin Ukraine ya ɗauke hankalin Turai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Macron ya ce jakadansa ba ya zuwa ko'ina. Ran 24 ga Satumba shi da bakinsa ya sanar da janye jakadan da soja wajen 1,500.