Leontyne Price: Mawaƙiyar da Muryarta ta Share Fage

A ranar 10 ga Fabrairu, 1927, aka haifi Leontyne Price a garin Laurel na jihar Mississippi da ke kudancin Amurka, a zamanin da dokar wariyar launin fata ta raba makarantu da wuraren taro tsakanin baƙaƙe da farare. Mahaifinta ma'aikacin katako ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma ce mai rera waƙa a majami'a. Tana da shekara tara aka kai ta birnin Jackson ta saurari shahararriyar mawaƙiya Marian Anderson, tun daga ranar zuciyarta ta ɗauru ga waƙa. Bayan ta kammala kwaleji a jihar Ohio, a 1948 ta shiga makarantar kiɗa ta Juilliard a New York, inda aka horar da muryarta irin horon da opera ke buƙata.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi maimakon a faɗe shi, kuma mai rera shi ba ya dogara da lasifika. Dole muryarsa ta ratsa kiɗan gomman makaɗa ta isa kujerar ƙarshe a zaure. Price tana cikin ajin soprano, wato mafi ɗaukakar muryoyin mata, sai dai tata ta haɗa abubuwa biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba: kauri da ɗumi idan ta sauko, da kuma tsabta idan ta hau. Tana iya kai sauti ƙololuwa a hankali, ta riƙe shi da dogon numfashi ba tare da ya girgiza ba, sannan ta sassauta shi har ya zama siriri, amma kowa na ji. Wannan baiwa ita ta sa waƙoƙin mai tsara opera Giuseppe Verdi suka zauna mata daram.

A 1955 gidan talabijin na NBC ya ba ta jagorancin wasan Tosca, wasu tashoshin kudu suka ƙi nuna shi saboda launin fatarta. Ƙin bai tare mata hanya ba, domin a 1958 madugun makaɗa Herbert von Karajan ya gayyace ta Vienna ta rera Aida, labarin gimbiyar Habasha da aka kama baiwa a Masar, a 1960 kuma ta rera shi a gidan opera na La Scala da ke birnin Milan. Sai da Turai ta shaide ta, sannan babban gidan opera na ƙasarta, Metropolitan, ya tsayar da ita a dandalinsa ranar 27 ga Janairu, 1961, cikin Il Trovatore tare da mawaƙi Franco Corelli. Da aka rufe labule, jama'a suka yi ta tafi fiye da rabin sa'a.

Daga nan darajarta ta tabbata. A 1964 aka ba ta lambar 'yanci ta shugaban Amurka, a Satumbar 1966 kuma ita aka zaɓa ta jagoranci wasan buɗe sabon ginin Metropolitan, wanda Samuel Barber ya tsara da muryarta a ransa. Ta san iyakar muryarta, ta guji duk rawar da za ta illata ta, shi ya sa lokacin da ta yi ban-kwana da dandalin opera ranar 3 ga Janairu, 1985, cikin Aida, tana dab da cika shekara 58, zaƙin nan bai gushe ba.

Marian Anderson ce baƙar mawaƙiya ta farko da ta samu babbar rawa a dandalin Metropolitan a 1955, amma Price ce ta zauna a kansa a matsayin tauraruwa har shekara 24. Ba da jayayya ta karya hujjar masu wariya ba, da ƙwarewa ta karya ta, kuma baƙaƙen mawaƙan da suka biyo bayanta sun tarar da fage a share.