Furgatori da Addu'a Domin Matattu: Koyarwar Katolika da Matsayinmu

Furgatori shi ne sunan da Ikkilisiyar Roman Katolika ta ba wani hali na tsarkakewa, wanda take koyar da cewa waɗansu masu bi suna bi ta cikinsa bayan mutuwa kafin su shiga sama. Kalmar daga harshen Latin ta fito, tushenta kuwa wankewa ne ko tsabtacewa. Koyarwar tana tafiya tare da yin addu'a, da ba da sadaka, da yin Misa domin waɗanda suka rasu.

Mu ba mu riƙe wannan koyarwa ba. Amma da yawa cikinmu muna da dangi da surukai 'yan Katolika, tabarma ɗaya muke zama a kai a gidan makoki. Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci ba ta ware maƙwabci ɗan Katolika ba. Saboda haka za mu fara da abin da su da kansu suke faɗi, kafin mu zo ga namu.

Abin da suke koyarwa

Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya yi maganar a sakin layi na 1030 zuwa 1032. Taƙaitawarsa ita ce: akwai mutumin da ya mutu yana cikin alherin Allah, cetonsa ya tabbata, amma da sauran dauɗa a jikinsa. Sai an kawar da ita zai iya tsayawa gaban Allah mai tsarki.

A nan ne mutanenmu sukan yi kuskure. Furgatori ba dama ta biyu ba ce ga wanda ya mutu yana ƙin Allah. Katolika ma sun yarda cewa mutuwa tana rufe ƙofar tuba. Ba ƙaramar jahannama ba ce, domin ƙofar fita ɗaya ce kawai, sama take kaiwa. Kuma ba daidai yake da barzahu da muke ji a bakin maƙwabtanmu Musulmi ba. Barzahu zaman jiran tashin ƙiyama ne na kowane mamaci, furgatori kuwa na waɗansu cetattu ne kaɗai.

To, in mutum ya riga ya sami ceto, me ya rage kuma? Katolika sun raba zunubi gida biyu: mai kisa, wanda yake raba mutum da Allah, da mai sauƙi, wanda yake raunana zumunci amma bai yanke shi ba. Sukan nuna 1 Yahaya 5:16-17. Sun kuma ce zunubi yana jawo hukunci iri biyu, madawwami da na ɗan lokaci. Gafara tana ɗauke na farko, na biyun yana iya saura. Kamar yaron da ya fasa tulun maƙwabciya ne: ta yafe masa har zuciya, amma tulu yana nan a fashe, sai an biya. Abin da mutum bai gama biya a duniya ta wurin ayyukan tuba ba, a furgatori zai ƙarasa. Mai karatu ya riƙe wannan batu da kyau, domin dukan gardamar a kansa take tsaye.

Abin da ikkilisiyarsu ta wajabta a gaskata bai da yawa: akwai wannan tsarkakewa, kuma addu'ar masu rai tana taimakon waɗanda suke ciki. Ba ta yanke ko wuta ce ta zahiri ba, ba ta ƙayyade tsawon lokaci ba. A watan Agusta na 1999 Paparoma John Paul na Biyu ya ce furgatori hali ne, ba wani wuri ba. A 2007 Benedict na Sha Shida ya kawo ra'ayin waɗansu masana cewa wutar ita ce haɗuwa da Almasihu kansa, wanda dubansa yake ƙone duk abin da yake na ƙarya. Hotunan mutane cikin harshen wuta da aka saba gani, daga masu zane da masu wa'azin zamanin da suka fito, da kuma waƙar Dante, mutumin Italiya na farkon ƙarni na 14.

Nassosin da suke kafa hujja da su

Babban nassinsu shi ne 2 Makabiyawa 12:38-46. Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki da muke amfani da shi ba zai same shi ba, domin namu littattafai 66 ne, na Katolika 73. Labarin ya faru a ƙarni na biyu kafin haihuwar Almasihu. Bayan wani yaƙi, Yahuza Makabi da mutanensa suka je kwashe gawawwakin sojojinsu, sai suka tarar da layun gumakan Yamniya a ƙarƙashin rigunan waɗanda suka mutu. Suka yi musu addu'a, Yahuza ya tara kuɗin azurfa dirakma 2,000 ya aika Urushalima a yi hadaya domin zunubi. Marubucin ya yaba masa, ya ce ya yi haka ne domin yana sa zuciya ga tashin matattu.

Littafin ba ya cikin nassosin Ibraniyanci da Yahudawa suka riƙe. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya ce irin waɗannan littattafai a karanta su domin ƙarfafawa, ba domin kafa koyarwa ba. Gaskiya ne taron Hippo na 393 da na Kartaj na 397 sun lissafa su, Majalisar Tarent kuma ta rufe maganar ga Katolika a 1546. Amma ko da mun ajiye batun lissafi gefe, akwai wata ƙaya. Mutanen nan cikin bautar gumaka suka mutu. A ma'aunin Katolika wannan zunubi ne mai nauyi, irin wanda furgatori ba ya wankewa. Labarin ya nuna cewa waɗansu Yahudawa sun yi addu'a domin matattu, bai nuna furgatori ba.

Na biyu shi ne 1 Korantiyawa 3:11-15, inda Bulus ya yi maganar masu gini a kan harsashi ɗaya, wani da zinariya, wani da ciyawa, wuta kuma za ta gwada aikin kowa. Wanda aikinsa ya ƙone zai tsira, amma kamar wanda ya fito ta cikin gobara. Wannan shi ne nassinsu mafi ƙarfi a Sabon Alkawari. Sai dai mu lura: aikin ne wutar take gwadawa, ba mutumin take wankewa ba, kowane magini ne yake bi ta cikinta, har da na zinariya, a ranar shari'a ne kuma, ba a wani tsakani ba. Abin da ake hasara lada ne.

Sukan kawo Matiyu 12:32, game da saɓon da ba a gafartawa a wannan zamani ko a mai zuwa, su ce ashe akwai wanda ake gafartawa a can. Markus 3:29 ya ba da magana ɗaya a sarari: ba gafara har abada. Akwai kuma addu'ar Bulus domin Onisifaras a 2 Timoti 1:16-18, amma nassin bai ce mutumin ya mutu ba.

2 Sama'ila 12 ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin kowane ɓangare yana jan sa. Annabi Natan ya gaya wa Dawuda an kawar da zunubinsa, duk da haka yaron ya mutu. Katolika su ce ga gafara, ga kuma horo da ya saura. Mu kuwa mu ce a ci gaba da karatu. Dawuda ya yi azumi da roƙo muddin yaron yana da rai, da ya mutu sai ya tashi, ya yi wanka, ya yi sujada, ya ci abinci.

Tarihi

Addu'a domin matattu tsohuwar al'ada ce, musun wannan ba zai amfane mu ba. Tartuliyan na Kartaj, a farkon ƙarni na uku, ya ambaci baikon da ake yi kowace shekara domin waɗanda suka rasu. Farfetuwa, wadda aka kashe saboda bangaskiya a Kartaj wajen 203, ta yi addu'a daga kurkuku domin ƙanenta da ya mutu yana ɗan shekara bakwai. Monika, mahaifiyar Agustin, da za ta rasu a Ostiya a 387, ta roƙi 'ya'yanta su riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji. Dukansu ukun 'yan Afirka ta Arewa ne.

Amma al'adar ta girmi koyarwar da aka zo aka ɗora mata. Tsofaffin addu'o'in sujada na Gabas suna ambaton annabawa, da manzanni, da shahidai, har da Maryamu, waɗanda ba wanda yake zaton suna shan wani horo. Agustin kansa, a kan batun wutar tsarkakewa bayan mutuwa, iyakarsa ya ce abin ba ya wuce yiwuwa. Giregori Babba, Paparoma daga 590 zuwa 604, shi ya ƙarfafa maganar. Ya ba da labarin wani ɗan zuhudu mai suna Yustus da ya ɓoye tsabar zinariya uku, aka yi masa Misa kwana talatin a jere bayan mutuwarsa, sa'an nan ya bayyana ya ce an sake shi. Har yau ana yin Misa talatin ɗin nan. Odilo, shugaban gidan zuhudu na Kuluni a Faransa, ya sa 2 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da dukan matattu masu bi. Sai a Majalisar Liyon ta 1274 da ta Fulorens ta 1439 aka rubuta furgatori a matsayin koyarwa. Ikkilisiyoyin Otodoks na Gabas suna addu'a domin matattu har gobe, amma ba su karɓi furgatori irin na Roma ba.

Daga nan aka zo ga indaljens, wato rangwamen horon nan na ɗan lokaci, wanda aka ce mai rai yana iya samo wa mamaci. A 1517 Yohanna Tetzel yana yawo a ƙasar Jamus yana wa'azin takardun rangwame, ana tara kuɗi domin ginin majami'ar Bitrus a Roma da biyan bashin Akbishop na Mainz. Talaka ya ji an ce mahaifiyarsa tana shan wuya kuma kuɗi kaɗan zai fid da ita, ina zai iya riƙe hannu? Wannan ne ya sa Martin Luta ya fitar da batutuwansa 95 a ƙarshen Oktoba na shekarar. A lokacin bai riga ya ƙi furgatori ba, cinikin yake yaƙa. Sai a 1530 ya fito fili ya yi watsi da shi. Majalisar Tarent ta sake tabbatar da koyarwar a Disamba 1563, amma ta umarci bishop-bishop su hana camfi da neman riba a kanta. A 1567 Paparoma Pius na Biyar ya soke duk rangwamen da ya haɗa da biyan kuɗi. Wanda ya ce Katolika suna sayar da sama a yau, bai faɗi koyarwarsu daidai ba.

Inda muka tsaya

Mun yarda da su cewa ba abin da yake da ƙazanta da zai shiga birnin Allah (Wahayin Yahaya 21:27), mun kuma san ba wanda yake mutuwa kamili. Tambayar ita ce, me yake wanke mu, kuma da sauran bashi ne?

Ibraniyawa 10:10-14 ya nuna hadaya ɗaya da aka miƙa sau ɗaya, wadda ta kammala waɗanda ake tsarkakewa har abada. Ibraniyawa 1:3 ya ce sai da Almasihu ya gama tsarkake zunubai sa'an nan ya zauna. Romawa 8:1 bai bar wani hukunci a kan wanda yake cikin Almasihu ba. In muka koma ga misalin tulu, amsarmu ita ce an riga an biya kuɗin tulun, ba yaron ne ya biya ba. Wahalar da mai bi yake sha bayan gafara, kamar ta Dawuda, horon uba ne domin gyara a wannan rai (Ibraniyawa 12:5-11), ba biyan bashi ba. Ɗan fashin da aka gicciye tare da Yesu bai sami ko yini guda na ayyukan tuba ba, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar (Luka 23:43). Bulus ya ɗauki rabuwa da jiki a matsayin zama tare da Ubangiji (Filibiyawa 1:23, 2 Korantiyawa 5:8). Sauran dauɗar da ke jikinmu, Allah yana iya kawar da ita farat ɗaya, kamar yadda zai sāke jikunanmu da ƙyiftawar ido.

Shi ya sa ba mu yin addu'a domin matattu. Ba a umarce mu ba, ba mu ga manzanni suna yi ba, wanda yake tare da Almasihu ba ya bukata, wanda kuma ba ya tare da shi, Luka 16:26 ya nuna ba ta da hanyar isa gare shi.

A gidan makoki

Harshenmu cike yake da “Allah ya jiƙansa” da “Allah ya gafarta masa”. Yawancin masu faɗi gaisuwa suke yi, ba su zauna sun yi tunanin koyarwa ba, don haka kada a tsawata wa mai kuka saboda kalma. Amma fastoci da dattawa su koya wa jama'a gaisuwar da ta dace da begenmu: “Allah ya ba da haƙuri”, “Allah ya ta'azantar da ku”, “Sai mun sadu a gaban Ubangiji”. Sujadar tunawa da mamaci ba laifi ba ce in godiya ce domin rayuwarsa da addu'a domin iyalinsa. Mai jagora ya faɗi haka a fili, musamman in ranar ta faɗo a kwana na uku, ko na bakwai, ko na arba'in, inda baƙi za su iya ɗauka sadakar mamaci ake yi.

In dangi 'yan Katolika sun shirya Misa domin iyayen da muka haɗa, ana iya zuwa a zauna da ladabi domin zumunci, ba tare da karɓar jibi ba. Dokarsu ma ba ta buɗe shi ga kowa ba. In an nemi gudummawar Misar, ɗan'uwa yana iya bayyana matsayinsa a natse, ya ɗauki wani nauyin dabam, kamar abincin baƙi, ko kuɗin makarantar marayu, ko hatsin gwauruwa har kaka ta zo.