Sawu da Kashi Kafin Hoto: Hanyar Nazarin Karen Ruwa a Fadamun Kogin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda mai nazari daga Tudun Wada, Kaduna, zai bi diddigin karen ruwa a fadama har ya samu hotonsa. An kwatanta shi da biba, dabbar ruwa ta Turai da Arewacin Amurka, don a nuna cewa dabarar masu kallonta ba ta dace da fadamunmu ba.

Gabatarwa

Biba dangin ɓera ce. Tana sare itatuwa da haƙora, ta datse rafi, ta gina ɗakin ƙirare da laka a cikin tafkin da ta tara. A gandun Wood Buffalo na Kanada akwai datsinta da tsawonsa ya kai wajen mita 800, kuma a 2009 aka maido da ita dajin Knapdale na Sikotlan. Mai hoto a can ba ya shan wahalar nema, domin dabbar da kanta ta nuna masa gidanta. Zama kawai zai yi a gefen tafki ya jira faɗuwar rana.

Babu biba a Afirka. Dabbar da ta fi kusa da ita wajen zaman ruwa ita ce karen ruwa, wanda Nijeriya ke da iri biyu: marar farce, Aonyx capensis, da mai ɗige-ɗige a wuya, Hydrictis maculicollis. Ƙungiyar IUCN ta sa dukansu cikin dabbobin da ke dab da shiga barazana. Ba sa datsi, ba sa ginin da ido zai hango.

Alamomin da Ake Bi

A nan aikin yake. Marar farce da yatsu yake lalube cikin laka da ƙarƙashin duwatsu, yana kamo ƙaguwa da kwaɗi da kifi. Sawunsa yatsu biyar ne masu dunƙulallen kai, ba tabon farce, kamar ƙaramin yaro ya dafa laka da tafin hannu. Guza kuwa, wadda sababbin masu nazari kan ruɗe da sawunta, tana barin zanen farce da layin jan wutsiya a tsakiya.

Kashin karen ruwa ya fi sawun amfani. Wuri ɗaya yake komawa ya yi shi, sau da yawa kusa da inda yake birgima a ciyawa don ya bushe jiki. In aka murje shi da tsinke, ɓawon ƙaguwa ne a farfashe. Tunkun fadama ma yana cin ƙaguwa, amma nasa kashin kan zo da gashin ɓeraye a ciki. A ganinmu, hoton wannan kashi da ma'auni a gefensa ya fi wata baƙar inuwa da aka ɗauko a tsakiyar kogi ƙarfin hujja, ko da ba zai burge kowa a Facebook ba.

Lokaci da Wuri

A Agusta da Satumba kogin ya cika ya shafe gaɓa, ba inda sawu zai tsaya. Daga Nuwamba, ruwa ya ja baya, laka ta fito, sai dai a lokacin ne masu lambu da masu ɗibar yashi ke cika bakin kogi tun da safe. Don haka sai a yi sammako bayan sallar asuba, kafin ƙafafu su tattake wurin. Dabbar ma da asuba da magariba ta fi fitowa.

Masunta ne za a fara tambaya, tunda su karen ruwa ke yaga wa koma, amma a tantance bayaninsu da alamun ƙasa. Inda aka ga kashi sabo da tsoho a haɗe, nan za a ɗaure kyamara mai ɗauka da kanta in ta ji motsi, da izinin mai lambun. A rubuta rana da wuri da tsayin ruwa a kan kowane hoto.