Sankarar mama: inda lokaci ke ɓacewa kafin a kai ga likita

Sankarar mama, wadda aka fi sani da ciwon dajin nono, ita ce kansar da ta fi kama mata a Najeriya. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na shekarar 2022 ya nuna mata sama da 32,000 suka kamu da ita a ƙasar, sama da 16,000 kuma ta yi ajalinsu. Yawancin masu ciwon sai ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti, lokacin da ya riga ya bazu zuwa hammata, wani sa'in har ƙashi ko huhu.

Jinkirin yakan fara ne daga gida. Kullutun farko galibi ba ya zafi, don haka mace kan share shi, mai shayarwa kuwa ta ɗauka ƙurjin nono ne. Idan ya girma, sai a nufi kemis ko mai maganin gargajiya. A ƙasar Hausa akwai tsohuwar magana cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, kuma ta sa mata da yawa sun ƙi yarda a yanko ɗan nama a gwada, alhali wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatar da ciwon. Ga kunyar buɗe ƙirji gaban likita namiji, ga jiran izinin maigida, ga fargabar yanke mama da abin da zai biyo baya a gidan aure.

Sai dai ɗora wa mata laifin duka rashin adalci ne. Wata ta je ƙaramin asibiti da wuri, a sallame ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sakamakon gwaji kan ɗauki makonni, na'urorin gashin kansa kuma kaɗan ne, sai a manyan cibiyoyi irin su Asibitin Ƙasa na Abuja. Kuɗin magani daga aljihu yake fita, duk da asusun tallafin masu kansa da Gwamnatin Tarayya ta kafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan farko, a kuma gano kashi 60 cikin 100 na ciwon a mataki na ɗaya ko na biyu. Alamomin da ba a jira da su sun haɗa da kullutu a mama ko hammata, shigewar kan nono ciki, fitar jini daga gare shi, da fatar da ta koma kamar ɓawon lemo.