Sarauniya ko Sarraounia: abin da silima ta yi wa suna da alƙaluma

A Hausa haruffa tara ne: Sarauniya. A bangon littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da kuma allon fim ɗin Med Hondo na 1986, sun zama goma: Sarraounia. An ninka "r", an sa "ou" inda Bafaranshe ke jin "u", an jefar da "y". Bahaushe ya karanta shi yadda aka rubuta, sai ya ji harshensa ya yi nauyi a tsakiya, domin ninka harafi a Hausa ba ado ba ne, lafazi yake canzawa.

Wannan sauyin rubutu ƙarami ne. Babban sauyin yana ƙarƙashinsa. Sarauniya ba sunan yanka ba ne, sarauta ce, 'yar'uwar sarki da sarauta a tushe ɗaya. A Lugu, cikin ƙasar Arewa kusa da Dogondutsi, mata sun riƙe wannan sarauta ɗaya bayan ɗaya tun kafin zuwan Nasara, kuma ba a daina naɗa ta ba bayan tafiyarsu. Wadda ta tari sojojin Faransa a 1899 ita ce ake kira Mangu. Littafi da fim suka ɗauki sarautar suka mayar da ita sunan mace guda, har yau mutane da yawa a waje suke zaton an yi wata mai suna Sarraounia sau ɗaya tak a duniya.

Me ya haɗa wannan da Damagaram? Mamani ɗan siyasar Sawaba ne da ya wakilci Zinder, ya yi gudun hijira, ya dawo gida ya sha ɗauri, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Kuma rundunar da ta ƙone Lugu, gabas ta nufa, Zinder na kan hanyarta. Labarin nan ta kowace fuska yana biyowa ta ƙofar Birnin Zinder.

Kafin a tambayi ko fim ya faɗi gaskiya, yana da kyau a duba sunayen da muka ba abin. Muna cewa fim, muna cewa silima, inda "n" ta cinema a Faransanci da Ingilishi ta narke ta zama "l" a bakinmu. Muna cewa wasan kwaikwayo, sunan da ya fi kowanne riƙon amana, don tun daga bakin ƙofa ya gaya maka kwaikwayo ne. A Nijar an san teyatur, wanda 'yan wasan rediyon Zinder suka yi suna da shi. Sai tsohuwar kalma, majigi, ta motar da ke yawo gari gari tana haska hoto a bango zamanin mulkin Ingilishi.

Majigi ta fi su daɗin bin sawu. Daga sunan fitilar nuna hoto ta Turawa ta fito, fitilar da suka danganta da sihiri. Kalmar sihirin nan kuwa ta samo asali daga sunan malaman addinin Farisa ta dā, ta bi ta Girkanci ta shiga harsunan Turai. Larabci ya karɓi sunan mutanen nan da majusu, kuma masana da dama suna ganin daga nan Hausa ta samu Bamaguje da Maguzawa. To ga abin mamaki: ƙaramin taken littafin Mamani ya kira Sarauniya da magicienne, wato mai sihiri, daga wannan tushen dai. Na'urar da ke haska hoton, da laƙabin matar da ake haskawa, da sunan da Musulmi suka ba masu irin addininta a ƙasar Kano, duk reshe ne na bishiya ɗaya.

Mutanen Lugu dai ba Maguzawa ake ce musu ba, Azna ne. Kalma ɗaya ce take sauya harafin tsakiya gwargwadon ƙasa: arna, azna, anna. A bakin wani zagi ce, a bakin mai ita sunan gado ne, na masu ƙasa da suka riƙe al'adar kakanni. Littafin Mamani ya ɗauke ta da ma'ana ta biyu, ya ɗaga ta sama, kuma na ga wannan adalci ne.

Yanzu ga ma'aunin. Hausa tana da kalmomi jere don abin da ake faɗa game da jiya. Akwai labari, daga Larabci, wanda zai iya zama gaskiya ko akasi. Akwai almara da tatsuniya, waɗanda ba su yi wa kowa alkawarin gaskiya ba. Akwai tarihi, shi ma daga Larabci, kuma a can ma'anarsa ta farko ita ce sanya wa abu rana da shekara. Tarihi ke nan tun asali maganar kwanan wata ce. Sannan akwai alƙaluma. Jam'in alƙalami ne, abin rubutu, amma mun mayar da shi sunan lambobin ƙididdiga. In ka ce "alƙaluma sun nuna", a zahirin kalma cewa ka yi abin rubutun wasu ya nuna. Tambayar da ke biye ita ce: na wa?

A Amurka wannan tambaya ba ta da wuya. Masoya wasan besbol, wanda ake bugun ƙwallo da sanda, suna rubuta sakamakon kowane bugu sama da shekara ɗari. Da fim ɗin Moneyball ya fito a 2011 game da ƙungiyar Oakland ta 2002, sai suka buɗe kundi suka gwada. Cin wasa 20 a jere gaskiya ne. Mataimakin da fim ya kira Peter Brand ba sunansa ke nan ba, an gina shi a kan Paul DePodesta. An kuma ture manyan majefa uku da Miguel Tejada gefe, alhali su ne ƙashin bayan ƙungiyar a shekarar. Ana iya yin wannan binciken don ɓangarorin biyu na fili suna cikin kundi ɗaya.

A Lugu ɓangare ɗaya ne ke riƙe da alƙalami. Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza. Lissafin Faransawa ya ce sun rasa mutum 4, an raunata 6, sun kashe harsashi kusan 7,000. Dubi abin da aka ƙirga da kyau: harsashi, domin kayan gwamnati ne da za a ba da bahasinsa. Waɗanda harsasan suka sauka a jikinsu ba su samu wannan kulawar ba. Haka a Birnin Konni a watan Mayu, inda kisan ya fi muni: marubuta suna ta saɓani, wasu ɗaruruwa, wasu dubbai, saboda ba wanda ya tsaya ya ƙirga a ranar.

Duk da haka lambar nan ta 7,000 tana magana. Ba a zubar da harsashi haka a kan ƙauyen da ya miƙa wuya. A wannan gaɓar, fim da kundi sun yarda da juna: an yi turjiya, kuma mai tsanani ce.

Inda suka rabu shi ne siffar matar. Joalland, hafsan da ke cikin rundunar, ya rubuta littafinsa a 1930, ya ambace ta a taƙaice da tsohuwar matsafiya. Fim ya ba mu mace matashiya, mai baka da kibiya, wadda Aï Keïta ta fito a matsayinta, da uban goyo mai suna Dawa da ya koya mata yaƙi da magani. Wannan ƙuruciyar da tarbiyyar aikin marubuci ne. Abin da aka sani na sarautar Lugu ya fi karkata ga tsafi da shari'a da kiyaye ƙasa: dutsen Tunguma da ake tambaya, da tarkama, inda gawar wadda ta rasu ke nuna magajiyarta. Hausa ba ta rasa irin waɗannan sarautu na mata ba, ga Inna a Gobir, ga Iya a Maraɗi. Fim ya zaɓi ya sa wa tasa sulke.

Matsafiya, mai sihiri, sarauniya, jaruma. Mace ɗaya, sunaye huɗu, kowanne yana gaya maka wanda ke magana.

Akwai wata kalma da littattafan biyu suka yi tarayya a kanta. Taken na Joalland ya ambaci drame na Dankori, ƙaramin taken na Mamani ya ambaci drame na sarauniya. A Faransanci kalmar tana nufin bala'i, tana kuma nufin wasan dandali. Mu mun aro ma'ana ta biyu kawai, muka ce dirama. Ga Joalland, bala'in shi ne Bafaranshe ya sa an harbe Bafaranshe a Dankori. Mamani ya ɗauko kalmar ya mayar da ita inda gobarar ta ci. Ina ganin wannan shi ne gyara mafi girma da ya yi wa tarihin, kuma bai buƙaci ƙirƙirar komai ba don yin sa.

A batun Turawan kuwa, fim ya bi kundi sau da ƙafa fiye da yadda ake zato. Shugabannin rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, ƙone garuruwa, zuwan Kanar Klobb da aka aiko ya karɓe ragama, harbe shi a Dankori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli, shelar Voulet cewa ya bar zama Bafaranshe zai kafa daularsa, da boren sojojinsa baƙar fata da suka kashe Chanoine ranar 16 da shi kansa ranar 17: duk suna rubuce. Kaburburansu suna Maijirgi. Abin da fim ya ƙara shi ne zaren da ya ɗaura faɗuwarsu ga asirin Sarauniya. Wata uku ne tsakanin Lugu da Dankori, da tafiya mai nisa, kuma abin da ya taso da Klobb wasiƙa ce da Laftanar Péteau ya rubuta wa budurwarsa, ta kai hannun mahukunta a Paris.

Faransawa sun kira tafiyar tasu mission. A kunnen Bahaushe mishan coci ce da asibiti da makaranta. Kakanninmu ba su yi wannan kuskuren ba, zuwan Nasara suka ce. Ita ma Nasara daga Larabci take, sunan Kirista, kuma a rubutun boko ta yi kama da nasara ta cin yaƙi har ba a rarrabewa, sai baki ya furta, tsawon wasali da karin sauti su raba su.

Wani abu yana damuna a fim ɗin, kuma na harshe ne. Shirin ɗaukar sa a Nijar ya wargaje, Burkina ta zamanin Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Saboda haka harsunan da ke tashi a cikinsa Jula ne da Fulatanci da Faransanci. Sarauniyar Azna ta shiga duniya ba da Hausa a bakinta ba.

Fim ya tsaya kafin rundunar ta iso Damagaram. Ragowarta ta ci gaba ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier, ta haɗu da dawakin Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, ta shiga Zinder. Sun zo da ramuwa a zuci, don a watan Mayu 1898 an kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive a garin. Sarkin da ya tare su Faransawa suna rubuta shi Amadou Kouran Daga, suna kiransa sultan. Mu Sarkin Damagaram muke cewa, Ahmadu Kuran Daga. Daga ita ce sahun yaƙi, inda ake ja a tsaya. Kura kuwa kowa ya san ta. Rubutun Faransanci ya adana sautin, ya ɓoye dabbar. An kashe sarkin a watan Satumba na 1899.

Garin ma suna biyu gare shi. Taswira ta ce Zinder, bakin mutane ya ce Damagaram, sunan daular da Malam Yunus ya kafa tushenta a ƙarni na 18, wadda Tanimu ɗan Sulaiman ya kai ƙololuwa da ganuwa da igwa kafin rasuwarsa a 1884. Tanimu shi ne Tanimoune na wasan kwaikwayon André Salifou, ɗan garin, wanda ya fara rubuta tarihin daular a 1971 kafin ya kai ta dandali, kuma jami'ar Zinder ke ɗauke da sunan Salifou yau. A farkon shekarun 1980 Mahamane Bakabé ya yi fim ɗin Si les cavaliers a kan shirin boren 1906, wanda ya ja aka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa aka kai shi Kwaddibuwa. Taken da "da a ce" ya fara, wato da mahaya sun zo. Wannan fim ne da ya sanar tun a sunansa cewa yana tsaye tsakanin abin da ya faru da abin da aka so ya faru.

To wace kalma ta dace da Sarraounia? Ba tarihi ba ne a ma'anar rana da adadi, ba kuma tatsuniya ba ne, don Lugu tana nan kuma an ƙone ta. Kirari ne. Mai kirari ba ya ƙirƙiro gwarzon da babu, yana zaɓar abin da zai ɗaga, kuma mai sauraro ya san ƙa'idar. Matsala tana zuwa ne lokacin da ɗan makaranta ya haddace kirarin a matsayin darasin tarihi, ya ɗauka Dawa yana cikin kundi, ko ya ɗauka sarautar ta mutu tare da Mangu.

Kirarin ya yi aiki. Akwai gidan rediyo da talabijin a Yamai mai wannan suna, kuma lambar yabon da gwamnatin Nijar ta ƙirƙiro a 'yan shekarun nan ana rubuta ta Sarauniya Mangou: kalmar farko ta dawo rubutun Hausa, ta biyu tana nan da "ou" ɗinta, kuma an mayar wa matar sunanta kusa da sarautarta.

Masu shirya fim na Damagaram da Kano, Tirmini tana jiranku. Ku ɗauki alƙaluman Faransawa yadda suke, ku je fada da unguwannin Birni ku ɗauki na bakin dattawa da makaɗa tun suna raye, ku rubuta Kuran Daga da haruffanmu, ku bar shi ya yi magana da Hausa.