Dalilin da ya sa ƙauyukanmu suka bi bakin Gulbi

Ƴan'uwa na gida da na ci-rani, wanda ya dubi taswirar ƙasar Maraɗi zai ga Madarunfa, Safo, Jiratawa, Sumarana, Tarna da Tibiri sun jeru kusa da Gulbi kamar ƴaƴan tasbaha. Ruwa ya tara su, amma har da tsoro.

Bayan jihadi, sarakunan Katsina da aka kora suka yo arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, inda ya tarar da Anna suna noma da farauta. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke a 1836, suka kafa Tibiri. A zamanin nan fadamar kurmi ce mai duhu, doki ba ya ratsa ta da sauƙi, shi ya sa kakanninmu suka lafe cikinta. Sai da yaƙe-yaƙe suka ƙare, zamanin Turawan Faransa, manoma suka hau jigawa suka sari sababbin gonaki.

A 1945 ambaliya ta rushe tsohuwar Maraɗi, aka mai da birni bisa tudu. Tun ran nan yake faɗi yana cin gonakin maƙwabta. Wajen 1990 kuma aka yi madatsar Jibiya a Najeriya, ruwan Gulbi ya ragu.

Saboda haka muke roƙon dattawanmu su nuna wa yara iyakokin gonakin gado tun suna da rai. Ku kuma na nesa, kafin ku sa hannu a takardar sayar da fili, ku zo gida a yi shawara.