Albarushi da Sanyin Hunturu: Me Ke Hana Bindigar Toka Tashi?

Duk shekara idan hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, mafarautanmu suka fara shirin shiga daji, sai tsohuwar gardamar nan ta dawo: wane albarushi ne ya fi tashi da asubar sanyi? Wasu su ce mai laushi, wasu su ce mai tsaki-tsaki. Yanzu kuma akwai masu farke harsashin zamani su juye garinsa a bindigar toka, wai ya fi ƙarfi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu koma tarihi, domin tarihin ya nuna cewa sanyi shi kaɗai bai cika hana albarushi tashi ba. Laima ce ke kashe shi.

Daga ƙasar Sin albarushi ya fito, wajen ƙarni na 9, kuma zuwa 1044 har an rubuta bayaninsa a wani littafinsu na dabarun yaƙi. Abu uku ne a cikinsa: gawayi, farar wuta, da wani farin gishiri wanda shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na garin. Larabawa suka kira gishirin "ƙanƙarar Sin", garin kuma suka ce masa barud, inda muka samo kalmarmu ta albarushi. Gishirin nan yana narkewa a ruwa, gawayi kuma yana shan danshi. Tun daga ranar farko ke nan raunin yana cikin jikinsa.

Bindiga ta iso mana ta hanya biyu. Ta farko Sahara ce. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Borno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta, kuma a 1591 bindigogin Maroko suka karya rundunar Songhai a Tondibi. A Kano, littafin tarihin sarakuna ya ce a zamanin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga cikin dakarunsa. Duk da haka doki da mashi da baka suka ci gaba da riƙe fagen fama, domin bindiga ba albarushi sanda ce kawai, albarushin kuwa daga nesa yake zuwa. Sai a ƙarni na 19 Sarki Tanimu na Damagaram ya tara bindigogi masu yawa, har igwa ake ƙera masa a Zinder.

Hanya ta biyu, wadda ta fi shafar mu mazauna Kudu, ita ce bakin teku. Sunan da ake kiran bindigar da shi a Turancin Najeriya yana komawa ne ga fataken ƙasar Denmak, masu ganuwar Christiansborg a Akra, ko da yake da yawa daga bindigogin a Bamingham ta Ingila aka ƙera su. Masu arha ne, kuma bututun wasunsu ba shi da ƙwari. A ƙasar Yarbawa, wanda ya riƙe hanyar albarushi ya riƙe wuyan maƙwabcinsa: Ijebu da Egba sun sha toshe wa Ibadan hanyar teku. Yaƙin Kiriji, daga 1877 zuwa 1893, daga ƙarar bindiga ma ya samo sunansa.

A 1890 Turawa suka zauna a Burasels suka yi yarjejeniyar hana shigo da bindigogin zamani mafi yawan Afirka, suka bar mana mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. A ganinmu nan ne tushen abin da muke gani yau. Duniya ta wuce gaba, mu aka tsayar da mu a kan harba-ka-ruga, maƙeranmu suka ƙware a gyaranta da ƙera ta, har dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware mata aji nata, lasisinta kuma yana hannun 'yan sanda.

Mu dubi yadda mai ƙanƙara take aiki. Idan aka ja kunama, dutsen ƙanƙara ya daki ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa wani ɗan kasko mai garin albarushi, wutar ta bi ta ƙaramar huda ta kama na cikin bututu. Kaskon nan a waje yake, ɗan murfi kawai ke kare shi. Raɓa kaɗan ta ishe shi ya ƙi kamawa. Abin dariya, kalma ɗaya muke kiran dutsen da ke ba da wutar da ƙanƙarar da ke faɗowa daga sama.

Wanda ya fara magance matsalar mafarauci ne. Alexander Forsyth limamin coci ne a wani ƙauye kusa da Abadin a ƙasar Sikotlan, wurin sanyi da yayyafi, mai son harbin agwagwar ruwa. Ya lura tsuntsayen na ganin walƙiyar kasko su tashi kafin harbin ya fita. A 1807 ya yi rajistar dabarar kunna bindiga da wani sinadari mai tashi idan an doke shi, daga nan aka samu 'yar hular tagullar nan da ake ɗorawa a kan nonon bindiga. Albarushin bai canja ba. An dai rufe ƙofar da laima ke shiga.

Har yau akwai inda ake wannan gardama tamu cikin dusar ƙanƙara. A Amurka jihohi da dama sun ware lokacin farauta na masu bindigar ɗurawa ta baki, jihar Fensilbeniya ma tana da na masu ƙanƙara zalla bayan Kirsimeti. Tun shekarun 1970 kamfanin Hodgdon ya fito musu da Pyrodex a madadin albarushi, wasu ire-irensa suka biyo baya. Amma waɗannan sun fi wuyar kamawa, shi ya sa masu ƙanƙara har yanzu baƙin albarushin asali suke nema. Suna auna ƙwayarsa da harafin F: mai F biyu ga bututu mai faɗi, mai uku ga matsattse, mai huɗu, wanda ya fi laushi, na kasko ne kawai. Mai laushi ya fi saurin ci, ya fi matsa wa bututu, ya kuma fi saurin shan laima. Abin da suka fi tsoro kuwa shi ne shiga da bindiga mai sanyi ɗaki mai ɗumi, domin ƙarfen zai yi gumi kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji, gumin ya jiƙa abin da aka ɗura.

To, ina mu a nan? Hunturun Arewa sanyi ne busasshe, babu lokacin da albarushi ya fi jin daɗi kamarsa. Maharbin da ya saba da dajin Katsina ko Bauchi, in ya zo kurmi sai ya tarar da wani abu daban: ko a watan Janairu ganye na ɗigar raɓa da asuba. Sai bindiga ta ƙi tashi, a ɗora wa sanyi laifi, a ƙara awo. Alhali gyaran yana ga ajiya a mazubi mai murfi, nesa da murhu, da share hudar wuta, da wanke bututu a busar da shi bayan harbi, domin tokar da ta rage ita ma tana jan laima tana cinye ƙarfe. In kuma aka ja kunama ba ta tashi ba, albarushi mai danshi yakan ci a hankali ya tashi daga baya. A bar bakinta na kallon inda ba kowa, a jira, kada a leƙa.

Garin cikin harsashin zamani kuwa ba albarushi ba ne ko kaɗan, ko da ya yi kama da shi a ido. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro irinsa a 1884, kuma sai da aka yi masa bindigogi na ƙarfe mai ƙwari na musamman, domin matsin da yake tayarwa ya ninka na albarushi. Su kansu masana'antun Amurka a jikin bututun bindigar ɗurawa suke buga gargaɗin kada a zuba shi. Tamu kuwa sau da yawa da bututun famfo maƙeri ya yi ta, kuma gindin bututun, inda matsin ya fi taruwa, yana daf da fuskar mai harbi da hannunsa na hagu.